Ƙafa Ɗaya a Dusar Ƙanƙara, Ɗaya a Daji: Yadda Tafiya Ke Cin 'Yan Tseren Arewacin Turai

Idan watan Fabrairu ya doshi ƙarewa, 'yan wasan juriya na Suwidin da Norwe da Finlan kan rabu gida biyu. Wasu su ɗaure kaya su nufi kudu, Fotugal ko Sifaniya, inda ƙasa take a buɗe, ana iya gudu cikin daji da taswira a hannu. Wasu kuma suna nan cikin sanyi suna goga kaki a ƙasan sikinsu, domin ranar Lahadin farko ta watan Maris ake tseren Vasaloppet, kilomita 90 daga ƙauyen Sälen zuwa garin Mora, tseren da aka soma tun 1922, wanda mutum fiye da 15,000 ke tashi a safiya guda. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ransu ke wuraren nan biyu. Sun tashi da siki a ƙafa da kamfas a hannu, ba sa son sakin ko ɗaya, alhali jiki ɗaya gare su, aljihu ɗaya, shekarar kuma wata 12 ce kamar ta kowa.

Siki wasu dogayen alluna ne sirara, marasa nauyi, da ake maƙale wa takalmi ta wajen yatsu, diddige kuwa a sake yake. Mai tsere yana riƙe da sanda biyu yana tokarar ƙasa, yana zamewa a kan dusar ƙanƙara. Wannan ba irin zamiyar nan ba ce da ake ɗaukar mutum zuwa ƙololuwar tsauni ya sulalo. A nan da ƙarfinka za ka hau tudu, ka gangara kwari, ka miƙe fili, tun daga gajeren tsere na kilomita ɗaya da rabi har zuwa na kilomita 50, ko ma fiye. Salo biyu ne. A na gargajiya, sikin na bin layi biyu da aka tsaga a cikin dusar. A ɗayan kuwa ana tura ƙafa gefe da gefe a kan hanya mai faɗi da aka daddale.

Tseren taswira, wanda mutanen can ke kira orientering, ya samo asali ne daga horon sojan Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a Norwe aka yi gasar farko ta farar hula a 1897. Ana sakin 'yan tsere ɗaya bayan ɗaya, da tazarar 'yan mintuna. Sai lokacin tashi ya yi ake ba mutum taswirar dajin, an zana mata da'irori masu lamba. A tsakiyar kowace da'ira akwai 'yar tuta mai launin fari da ruwan lemo, an kafa ta a gindin dutse, ko bakin fadama, ko cikin wani ɗan rami. Dole ya bi su bi da bi, yana taɓa na'urar da ke jikin kowace tuta da wani ɗan maɓalli da ke ɗaure a yatsansa. Hanyar da zai bi daga wannan tuta zuwa waccan kuwa, ruwansa. Ko ya haura tudun kai tsaye, ko ya zagaya ta turba mai nisa amma mai sauƙin gudu. Babu wayar da za ta nuna masa hanya. Taswira ce da kamfas da ƙwaƙwalwarsa, kuma duk wannan lissafi a guje ake yin sa, numfashi na sama-sama. An kafa hukumar wasan ta duniya a 1961, aka yi gasar duniya ta farko a Fiskars ta Finlan a 1966.

Akwai ɗan da wasannin biyu suka haifa, wato tseren taswira a kan siki, wanda aka soma gasar duniyarsa a Hyvinkää ta Finlan a 1975. A nan ana maƙala taswirar a wani faifai mai juyawa da ke ɗaure a ƙirji, tunda hannu biyu na riƙe da sanduna. Kafin gasa, masu shiri kan shiga daji da babur ɗin kan ƙanƙara su tsaga siraran hanyoyi masu faɗin kusan mita 1, suna ta sarƙewa da juna, sai ɗan tsere ya riƙa yanke shawarar inda zai karya a kowace mararraba ba tare da ya rage gudu ba.

Inda suka haɗu, inda suka rabu

Ba a banza ba ne gida ɗaya ke fitar da 'yan wasannin biyu. A ƙauyukan Dalarna ko na tsakiyar Finlan, daji ɗaya ne ake gudu cikinsa da rani, a zame cikinsa da hunturu, kuma sau da yawa ƙungiyar gari ɗaya ce ke kula da duka biyun. Zuciya da huhu ba ruwansu da ko siki ne a ƙafa ko takalmin gudu. Aikin da aka ba su shi za su ƙaru da shi. Ɗan tseren taswira da ya wuni yana tsallen duwatsu da saiwoyi duk rani yana samun hutun gwiwa da idon sawu idan ya hau siki, domin zamiya ba ta dukan gaɓoɓi. Ɗan siki kuma yana samun ƙarfin cinya daga gudu cikin fadama mai nutsar da ƙafa, abin da 'yan Norwe suka daɗe suna yi da kaka. Hatta salon nan na tura ƙafa gefe da gefe, 'yan tseren taswira a kan siki sun yi amfani da shi a kan hanyoyi masu tauri tun shekarun 1960, kafin Pauli Siitonen na Finlan ya shigar da wani nau'insa cikin dogayen tsere, sannan Bill Koch na Amurka ya ci kofin duniya da shi a 1982.

Wannan zumunci yana nan lafiya lau ga yara da masu yi don nishaɗi. A sama ne, inda ake neman lambar zinariya, hanya ke rabuwa. Tseren siki na zamani ya koma aikin kafaɗa da baya da ciki. A 2013 Jørgen Aukland na Norwe ya ci Vasaloppet ba tare da ya shafa kakin da ke riƙe ƙafa a kan tudu ba. Da sanduna kaɗai ya tura kansa kilomita 90, kuma tun daga nan haka manyan wannan tsere suka koma yi. Naman da ake tarawa a kafaɗa domin irin wannan aiki, kaya ne ga mai gudu a daji, sai ya ɗauke shi ya haura kowane tudu da shi.

Sa'o'in horo ma ba su da yawan da za a raba su biyu. Masu bincike a Norwe sun bi littafin horon Marit Bjørgen, wadda ta tara lambobin Olamfik 15, suka ga cewa a shekaru biyar da ta fi haskakawa tana yin kusan sa'o'i 940 a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na horon juriyarta a hankali take yin sa, ba da wuta ba. Wanda ke son ya kara da mai irin wannan tanadi, ina zai samo wasu ɗaruruwan sa'o'i na gudu da taswira? Amma a ganina ba sa'o'in ne suka fi ɗaure kai ba. Abin da ya fi wuya shi ne kowane ɗayan wasannin yana buƙatar irin ƙasarsa, kuma ƙasashen biyu ba a wuri ɗaya suke ba a mafi yawan watannin shekara.

Bin dusar ƙanƙara

Kakar tseren siki ta manya kan buɗe a Ruka, can arewacin Finlan, a ƙarshen Nuwamba, ta ci gaba kusan kowane ƙarshen mako har Maris. A tsakiyarta akwai Tour de Ski, jerin tsere a 'yan kwanaki kaɗan daf da sabuwar shekara, wanda ke ƙarewa da hawan tsaunin Alpe Cermis a Italiya. Sauran watannin, daga Mayu zuwa Oktoba, na gina jiki ne, kuma mafi yawansa a kan siki mai taya ake yi, bisa kwalta. Sai dai taya ba dusar ƙanƙara ba ce. Yadda ake ɗora nauyi a kan ƙafa ɗaya tana zamewa, da yadda ake jin lokacin da kaki ya kama, a kan dusar kaɗai ake koyon su, kuma suna dusashewa idan an daɗe ba a taka ta ba.

Saboda haka ɗan siki kamar makiyayi yake, inda abin nema yake can ya nufa. A Yuni yana tudun Sognefjell na Norwe, inda dusar hunturu ke jinkirin narkewa. Da kaka yana kan daskararriyar ƙanƙarar Dachstein ta Ostiriya, mai tsayin kusan mita 2,700, ko Val Senales ta Italiya. 'Yan Amurka kan tsallaka har Niyu Zilan a Agusta ko Satumba, lokacin da can ake hunturu. Finlan ta gina ramin siki na farko a duniya a Vuokatti a 1998, wani dogon zaure mai sanyi da ake zamiya cikinsa duk shekara, Suwidin ta bi sahu da nata a Torsby a 2006. Wasu garuruwa, irin su Östersund da Davos, kan tara tulin dusar ƙanƙara da bazara su lulluɓe ta da garin katako, su baje ta da kaka domin a samu 'yan kilomitoci kafin sama ta zubo da tata. Duk wannan dabara ce ta rage dogaro da yanayin da ya daina cika alkawari. Ko Vasaloppet an taɓa fasa shi a 1990 saboda rashin dusa.

Ga kuma zaman tudu. Manyan 'yan siki kan yi makonni biyu zuwa huɗu a wurare kamar Livigno, mai tsayin kimanin mita 1,800, domin ƙarancin iska ya sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Daga 2003 zuwa 2021 Norwe ta haramta wa 'yan wasanta kwana a ɗakunan da ake rage wa iska da na'ura, don haka duk mai son wannan amfani sai ya yi tafiyar da ƙafarsa.

Kayan tafiyar ma abin dubawa ne. Babban ɗan tsere yana da siki gomomi, kowanne da irin dusar da ya dace da ita: sabuwa, tsohuwa, jiƙaƙƙiya, daskararriya. Manyan ƙasashe na da tireloli na musamman da ƙwararrun masu shafa kaki ke aiki a ciki. Wanda ba ya cikin tawagar ƙasa kuwa, shi ne direba, shi ne mai goga kaki da dare a ɗakin ajiya na masauki, shi ne mai jan doguwar jaka a filin jirgi yana addu'ar kada a karya masa sanda.

Dajin da aka hana shiga

Tafiyar ɗan tseren taswira wata iri ce dabam, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Shi ba yanayi yake bi ba, siffar ƙasa yake bi. Da zarar an sanar da inda za a yi gasar duniya, sai a killace dajin a kan taswira, a haramta wa duk mai niyyar shiga gasar ya taka shi, wani lokaci na tsawon shekaru. Wanda aka kama ya leƙa, an kore shi. To yaya mutum zai shirya wa dajin da ba zai gani ba sai ranar tsere? Sai ya nemi wanda ya yi kama da shi a maƙwabtaka, ya riƙa zuwa yana gudu a ciki har idonsa ya saba.

Wannan sabo ba ƙaramin abu ba ne. Taswirar dogon tsere ana zana ta ne a ma'aunin 1:15,000, ta matsakaici 1:10,000, ta tseren cikin gari 1:4,000, kuma launukan ɗaya ne a ko'ina: fari dajin da ake iya gudu cikinsa, kore kurmi mai sarƙaƙiya, rawaya fili, shuɗi ruwa da fadama, ruwan ƙasa layukan da ke nuna tudu da kwari, baƙi duwatsu da hanyoyi. Amma abin da layi ɗaya ke nufi a ƙasa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Dajin Suwidin cike yake da ƙananan tuddai da fadamu da ƙanƙarar zamanin da ta bari, sai ka ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya. A yankin Doksy na Jamhuriyar Cek, inda aka yi gasar duniya ta 2021, ginshiƙan dutsen yashi ne masu tsayin bene, da 'yan lunguna a tsakaninsu. Ka kuskure lungu ɗaya, ka yi asarar mintuna. A Flims ta Suwizalan a 2023 gangaren tsaunuka ne masu cin cinya. A La Féclaz ta Faransa a 2011 ƙasa ce mai ramuka da tsagogin farar ƙasa, inda Thierry Gueorgiou, ɗan ƙasar, ya kwashe zinariya uku. Mutum na iya zama gwani a gida ya zama ɗan koyo a dajin wasu.

Akwai ƙarin matsala da wanda ba ya wasan ba zai zata ba: dajin gida yana ƙarewa. Bayan ka yi gudu a kan taswira ɗaya sau goma, ka haddace ta, ba karanta ta kake yi ba kuma, tuna ta kake yi. Horon da ba ya sa ƙwaƙwalwa aiki ya zama gudu kawai. Dole a nemi sabon daji, sabon daji kuwa mota ce ko jirgi. Wannan ne ya sa 'yan arewa ke kwarara Fotugal a Fabrairu, lokacin da nasu dajin ke binne, kuma shi ne ya sa 'yan kudu ke ƙaura arewa. Gueorgiou, mai zinariyar duniya 14, ya daɗe yana yi wa ƙungiyar Kalevan Rasti ta Finlan gudu, ya kuma zauna a Uppsala. Simone Niggli ta Suwizalan, mai zinariya 23, ita ma ƙungiyoyin Suwidin ta yi wa gudu a manyan tseren miƙa sanda.

Kalandarsu kuma a cike take daidai lokacin da ɗan siki ke son a bar shi ya tara sa'o'i: Tiomila a Suwidin da bazara, Jukola a Finlan a tsakiyar Yuni, inda mutum bakwai-bakwai ke miƙa wa juna gudu tun dare har wayewar gari, gasar duniya a tsakiyar rani, sannan O-Ringen mai kwana biyar na tsere a Yuli. Wani lokaci ma kalandar na kutsawa cikin hunturu. A Janairun 2013 an buɗe gasar cin kofin duniya a Niyu Zilan, a Janairun 2015 a Tasmaniya. Mai zuwa can har kamfas sai ya sauya, domin allurar da aka daidaita wa arewacin duniya kan sunkuya ta riƙa gogar gidanta a kudanci.

Abin da jirgi ke ci

Littafin horon ɗan wasa yana da gurbin sa'o'in gudu, da na ɗaga ƙarfe, da na bugun zuciya. Ranar tafiya kuwa sau da yawa sai a rubuta mata "hutu". Wannan kuskure ne, kuma akwai hujja. Wani bincike da Ida Svendsen da abokan aikinta suka wallafa a 2016, bayan bin littattafan horon manyan 'yan sikin Norwe na shekaru, ya nuna cewa haɗarin kamuwa da mura ko ciwon ciki kan ninka kusan sau 5 bayan tafiyar jirgi zuwa ƙasar waje, kusan sau 3 kuma bayan tsere. Wani binciken nasu ya gano cewa kusan rabin waɗanda suka shiga Tour de Ski sun kwanta rashin lafiya a lokacin gasar ko jim kaɗan bayanta. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An fito daga tsere garkuwar jiki ta yi ƙasa, maƙogwaro ya sha busasshiyar iska mai sanyi, sai a shiga cunkoson filin jirgi, a zauna sa'o'i cikin busasshiyar iskar jirgi, barci ya lalace, abinci ya sauya. Idan an tsallaka yankunan lokaci, agogon jiki na buƙatar kamar kwana guda kan kowace sa'a ta bambanci kafin ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi wahala.

Shi ya sa za ka ga manyan 'yan siki da takunkumi a fuska tun kafin annobar korona ta sa kowa ya san shi, suna gudun musabaha, suna cin abinci a keɓe. Johannes Høsflot Klæbo, wanda ya lashe zinariya shida cikin shida a gasar duniya ta Trondheim a 2025, ya yi suna wajen killace kansa daga jama'a kafin babbar gasa. Ɗan wasa mai kaka ɗaya yana da watannin da zai saki jiki. Mai kaka biyu ba shi da su: yana sauka daga siki a Maris, Tiomila na jiransa cikin 'yan makonni.

'Yan tseren taswira na Suwidin sun san farashin wasa da rashin lafiya fiye da kowa. Tsakanin 1979 da 1992, matasa 16 daga cikinsu suka faɗi suka mutu farat ɗaya sakamakon matsalar zuciya, da yawansu suna cikin horo ko tsere, kuma an samu kumburin tsokar zuciya a gawarwaki da dama. Likitoci sun fara zargin wata ƙwayar cuta ta hanyar numfashi, daga baya aka zargi wata dabam. A ƙarshen 1992 aka dakatar da manyan 'yan wasan ƙasar daga horo mai tsanani da gasa na kusan wata shida. Ka'idar da ta kafu daga nan ita ce ba a horo da zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, komai girman gasar da ke tafe. Ka'ida ce mai sauƙin bi a gida. Tana da wuyar bi ga wanda ya biya kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa, ya isa Fotugal da kwana bakwai kacal a hannu, ya tashi da safe yana jin ƙaiƙayi a wuya.

Tafiya na da wasu tarkunan. Ɗan wasan da ke cikin jerin waɗanda ake gwadawa don hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari dole ya bayyana inda za a same shi na sa'a guda a kowace rana ta shekara, kuma kuskure uku cikin wata 12 laifi ne mai jawo dakatarwa. Jirgi ya makara, an sauya masauki, duk sai an gyara bayani. Kantin magani na baƙuwar ƙasa ma abin tsoro ne. A 2016, a sansanin horo a Italiya, rana ta ƙona leɓen Therese Johaug ta Norwe, likitan tawaga ya sayo mata man shafawa a garin Livigno, ashe yana ɗauke da sinadarin da aka haramta. An dakatar da ita wata 18, ta rasa Olamfik ta 2018.

Wadda ta iya, da yadda ta iya

Duk wanda aka ce masa ba a haɗa biyun, sunan da zai kawo shi ne Tove Alexandersson, 'yar Borlänge a lardin Dalarna, wadda aka haifa a 1992. Tana da shekara 18 ta ci zinariyar duniya a tseren taswira kan siki a Tänndalen a 2011. A 2016 ta ci matsakaici da dogon tsere na ƙafa a gasar duniya ta Strömstad. A 2018 ta zama zakarar duniya a gudun tsaunuka a Sikotlan, a 2019 aka ba ta lambar zinariyar jaridar Svenska Dagbladet, ɗaya daga cikin manyan karramawar wasanni a ƙasarta, a 2021 kuma ta kwashe duka zinariya biyar da ake da su a gasar Jamhuriyar Cek.

Sai dai a dubi abin da ta bari. Ba ta bi gasar cin kofin duniya ta tseren siki zalla ba, mai cin kowane ƙarshen mako daga Nuwamba zuwa Maris. Ta zaɓi wasan hunturun da ke da gajeriyar kalanda, wanda kuma ke ci gaba da wasa mata ƙwaƙwalwa da taswira. Da ta karkata zuwa hawan tsauni da siki bayan gasar duniya ta tseren taswira kan siki da aka yi a Piteå a 2019, sai ta sassauta wa tseren taswira kan siki, ba ta ɗora sabo a kan tsoho ba. Ga shi kuma ta fito daga yankin da dusar ƙanƙara da daji mai kyau ke bakin ƙofa. Labarinta ba ya nuna cewa ana iya yin komai a lokaci guda. Abin da yake nunawa shi ne ko mafi baiwar cikinsu sai da ta riƙa zaɓe.

Masu ƙaramin ƙarfi ma suna da dabarunsu, kuma galibinsu na rage asarar hanya ne. Takalmin gudu na shiga kowace jaka, don haka ranar da babu dusa ba ta zama ranar banza. Igiyar roba da aka ɗaura a ƙofar ɗaki tana riƙe wa kafaɗa ƙarfinta na 'yan kwanaki. Sa'o'in jirgi da na jira su ne lokacin karatun taswira: a ɗauko tsofaffin taswirorin yankin da za a yi gasa, a zana wa kai hanyoyi, a auna wacce ta fi. Tawagogi kan haɗa tasu taswirar dajin da aka killace daga bayanan awon ƙasa da jiragen sama ke ɗauka, ta cikin gari kuma daga hotunan titi na Google, duk ba tare da sun taka wurin ba. Manhajoji irin su Livelox na ba mutum damar ɗora sawunsa a kan taswira ya gwada da na wasu, ya ga inda ya yi asarar daƙiƙoƙi. Wasu kuma kan nemi wurin da tafiya ɗaya za ta biya buƙata biyu, kamar Vuokatti da kaka, inda za a shiga ramin siki da safe a shiga daji da taswira da yamma.

Kuɗi ne ke yanke sauran hukuncin. Tseren siki wasan Olamfik ne, yana da talabijin da masu ɗaukar nauyi. Tseren taswira, na ƙafa da na siki, bai taɓa shiga jerin wasannin da ake raba wa lambobi a Olamfik ba, kuma da yawa daga cikin 'yan tawagogin ƙasa ɗalibai ne ko masu aikin rabin rana. Kowace tafiya daga hutun aiki ake yanko ta. Akwai kuma nauyin da ke damun matasan can, wanda ban ɗauke shi wasa ba: suna hawa jirgi don neman dusar da ɗumamar yanayi ke korewa, suna sane da cewa jirgin na cikin masu korar ta.

Ni dai ban ga dalilin da zai sa a tilasta wa yaro ɗan shekara 14 ya zaɓi ɗaya ba; biyun na gina shi, suna kuma kare shi daga raunin maimaita motsi ɗaya. Amma daga ranar da ya soma neman gurbi a tawagar ƙasa, wajibi ne ɗaya ya zama babba ɗaya ƙarami, aƙalla a cikin kowace shekara. Idan taswira ce babba, ya yi tseren sikin da mota ko jirgin ƙasa zai kai shi ya dawo ya kwana a gadonsa, ya adana tikitin jirgin sama don dajin da ya yi kama da na gasar duniya. Idan siki ne babba, ya ɗauki tseren taswira a matsayin horon rani, ya haƙura da Fotugal. Masu horarwa kuwa su daina rubuta wa ranar tafiya "hutu", su ƙidaya ta cikin nauyin mako, kuma duk yaron da ya sauka daga jirgi yana ƙorafin maƙogwaro, kada su miƙa masa lambar tsere.